Bindigar da Ta Fara da Mai Ita

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara harba bindigar da na saya da kuɗina ba. Ko ni na manta, mutum tara ne a wurin, biyu daga cikinsu ƴan uwana ne na jini, kuma ba masu barin magana ta kwanta ba ne.

In fara da gaskiya: ni ba mutumin bindiga ba ne. Ni ne irin ɗalibin da ke zama a kujerar ƙarshe ta ɗakin karatu, wanda in aka taka masa ƙafa a jirgin metro shi ke ba da haƙuri. Daga Damagaram na zo Lyon karatun kimiyyar daji, ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Guillotière, saman shagon mai sayar da gero da busasshen kifi. Bincikena a kan ɓarnar da barewar ƙasar nan ke yi wa ƙananan itatuwa ne (Faransawa chevreuil suke ce mata, ba ta kai tunkiya ba, ta ma fi kama da gada, amma a gidanmu barewa ake cewa, a haka zan ci gaba). Shekara uku ina hawa duwatsun yamma da Lyon ina tsinko tohon da ta ciza, in kawo ɗakin gwaji, in cire tabarau, in manna ido a kan mikroskop tun safe har la'asar. Iyakar jaruntata ke nan.

Wanda ya jawo mini wannan aiki Kawu Isuhu ne, yayan mahaifiyata, mai shagon salula a unguwar Barbès ta Paris. Mahaifinsu, wato kakana, maharbi ne da aka sani a yankinmu, kuma yana da wata al'ada: bai taɓa aurar da ƴa ko jika ba sai da naman daji na hannunsa a cikin abincin biki. Wata rana na je Paris hutu, muna cin tuwo a gidan Kawu, ana maganar auren ƴarsa Nafisa da aka sa watan Satumba na baɗi, sai ya ajiye loma ya yi ajiyar zuciya.

"Baba, Allah ya jiƙansa, a bikin uwarka barewa biyu ya kawo," in ji shi. "Yau dubi zuri'arsa. Ɗaya na canza gilashin salula, ɗaya na ƙirga ganye."

Nafisa taubashiyata ce, a Paris aka haife ta, kuma tun muna yara ba ta taɓa yafe mini ko sau ɗaya ba. Ta ce, "Papa, kada ka raina shi. Yana iya zaunar da barewar ya karanta mata littafinsa har rai ya yi halinsa."

Ni da kan yi sati ban furta jimla goma ba, sai na ji bakina ya ce, "Zan kawo."

"Za ka kawo me?"

"Barewa. Da hannuna."

Kawu ya dube ni ya daɗe. Ya goge hannu, ya ɗauko waya, a gabana ya kira Damagaram ya gaya wa mahaifiyata. Na ji muryarta tana sa albarka. Daga nan hanyar komawa baya ta rufe.

A ƙauyen da nake bincike akwai wani tsoho mai kiwon zuma, Lusiyan, shi ne shugaban maharban wurin. Da na kai masa maganar (bayan na yi kwana huɗu ina shirya yadda zan faɗa), sai ya yi mini bayani. A nan ba a shiga daji haka kawai. Kowace barewa da za a kashe tana da munduwar roba mai lamba, ƙidayayyu ake ba ƙauye, kuma shi ke rabawa. Ya ce zai ajiye mini ɗaya ta namiji a farautar lokacin zafi, bisa sharaɗi biyu: in ci jarrabawar izinin farauta, sannan in zuba harsashi uku cikin faɗin faranti daga mita ɗari, a gabansa.

"Ba na ba mutumin da zai raunata dabba ta je ta mutu cikin ƙaya," in ji shi.

Jarrabawa ba ta ba ni tsoro ba, ai gidana ne. Na haddace dokoki, na haddace tsuntsayen da aka hana taɓawa, ban faɗi tambaya ko ɗaya ba. Mun yi harbi ma a wurin, amma da bindigogin koyo masu sauƙin hali, marasa madubin hange. Na fito da takardata ina jin jinin kakana ya fara motsi.

Saura bindiga, kuma a nan na nuna ko ni wane ne. Na buɗe ordinata, wato kwamfuta, na zana jadawali. A gefe na jera kalibir goma sha huɗu (kalibir shi ne girman harsashin da bindiga ke ci), a sama na jera ƙarfi, da nisan tafiya, da kuɗin bindiga, da kuɗin harsashi, kowanne da makinsa. Duk inda na karanta magana ɗaya ce: ɗan koyo mai neman barewa ya ɗauki 243, ko 308 ko 7x64 in yana da niyyar aladen daji wata rana. Ni da aladen daji babu abin da ya haɗa mu, don haka amsa a fili take. Amma jadawalina ya ƙi. Na ga tallar wata tsohuwar 300 Magnum a wani shago a bakin gari, har da madubinta, kuma kuɗinta bai kai na sabuwar 243 tsirara ba. Ga ɗalibi mai rayuwa da tallafin karatu wannan ba ƙaramar hujja ba ce. Ƙarfi ya ninka, kuɗi ya ragu, maki ya tashi sama.

Akwai layin shuri a jadawalin, kada a ce ban sa ba. Shuri shi ne dukan da bindiga ke mayar wa kafaɗar mai harbi. Na rubuta lambarsa daidai, sai dai na ba shi maki mafi ƙanƙanta, bisa hujjar cewa zafi na ɗan lokaci ne. (Akwai kuma wata hujja da ban rubuta ba: Kawu ya sha faɗin cewa in bindigar Baba ta tashi, ƙauye uku ke ji.)

Ranar saye na haddace jimlata tun daga Guillotière har ƙarshen layin tram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari. Na shiga shagon rungume da jakar takardu, har da takardar haihuwa da shaidar gama sakandare waɗanda babu wanda ya tambaya. Mai shagon wata dattijuwa ce mai tabarau rataye da igiya a wuya. Na faɗi jimlata ba tuntuɓe: ina son 300 Magnum ɗin da ke cikin talla.

Ta duba takarduna, ta duba ni. "Me za ka farauta?"

"Barewa."

"Barewa kawai? Wannan ai ta masu zuwa ƙasashen ƙanƙara ce neman dabbar da ta kai saniya. Kilo nawa kake?"

"Hamsin da shida."

"Sau biyu ina sayar da ita, sau biyu tana dawowa. Me kake jin ya sa take da araha?"

Wannan tambaya ba ta cikin abin da na shirya. Mutum mai kunya in aka kauce masa daga abin da ya haddace, komawa farko yake yi, don haka na sake maimaita jimlata, kalma da kalma. Ta ce akwai wurin gwaji a bayan shago, in zo in harba ta sau ɗaya, in harba wata 243, sannan in zaɓa. Na ce na gode, na riga na yi lissafi, na biya na ɗauki kayana. Gaskiyar kuwa kunyar harbi a gabanta nake ji.

Lusiyan ya sa ranar gwaji wata Asabar ta watan Mayu, a filin harbinsu da ke cikin wani tsohon ramin fasa dutse. Kuskurena na biyu shi ne na gaya wa Kawu. Da safiyar ranar sai ga shi ya sauko daga jirgin ƙasa na TGV da babbar riga ruwan ƙasa da hula, Nafisa na bin sa da wayarta, wai ya zo ganin bindigar jikan Baba.

Dattawa bakwai muka tarar, duk da kayan daji. Kawu ya nufi Lusiyan ya kama hannunsa da hannu biyu, ya shiga gaishe shi da Faransanci amma irin gaisuwarmu: ya gida, ya iyali, ya aiki, ya gajiya, ya ƙudan zuma. Lusiyan kuwa da alama tun da aka haife shi ba a taɓa tambayarsa gajiya ba, sai ya ɗauka da gaske ake, ya fara ba da labarin gwiwarsa ta hagu tun daga shekarar da ya faɗo daga tsani. Ya juyo ya ce mini fili a buɗe yake, in zauna in shirya, ya koma kan gwiwa. Sauran dattawan suka kewaye babbar riga suna taɓa ɗinkin. Babu mai kallona, ni kuma abin da nake so ke nan. Na ce bari in yi na farko kafin idanu su dawo.

Lusiyan ya taɓa gaya mini a bar faɗin yatsu huɗu tsakanin ido da madubin bindiga. Na rubuta a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Amma kai ne ya rubuta, jiki kuwa yana da nasa karatun na shekara uku. Na zauna a benci, na ɗora bindiga a kan buhun yashi, bakinta na kallon takardar saiti da aka manna can mita ɗari, na ga abu mai gilashi a gabana. Sai na cire tabarau, na naɗe shi, na ajiye a dama, na sunkuya na manna idona a bakin madubin, daidai yadda nake yi wa mikroskop. Gindin bindigar ma bai zauna a kafaɗata sosai ba. Da yake ina so in saba tun yanzu, na yi bismillah da ƙarfi yadda zan yi ranar farauta, na ja kunama.

Ban ji ƙarar ba. Abin da na sani shi ne na ga fari, sannan na ga sama, da wani gajimare mai tafiya a hankali. Ina kwance rigingine a bayan benci, ƙafa ɗaya a sama, wani abu mai ɗumi na gangarowa cikin idona na dama. Bakin madubin ya sare mini gira kamar an kifa ƙaramin kofi an danna.

Lusiyan ya taho da gwiwarsa. Ya tsallake ni, ya buɗe bindigar ya tabbata babu kome a ciki, sannan ya duƙa ya duba ni. (Daga baya na gane daidai ya yi. A lokacin na ji haushi.)

Na tashi zaune, jini har haɓa, na ce, "Na samu?"

Ya ɗaga abin hangensa ya duba can nesa. "Takardarka lafiya lau take," in ji shi. "Dutsen da ke samanta ne ya ji jiki."

Sai muryar Nafisa, a natse, kamar mai tambayar fatawa: "Papa, ka ji ya yi bismillah kafin ya harba, ko? To ai ya halatta. A ɗaura masa munduwar a ƙafa mu tafi da shi, bikina ya samu nama."

Ba ta tsaya nan ba. Ta juya ta fassara wa dattawan da Faransanci, har da bayanin hukuncin bismillah don kada su rasa daɗin maganar. Wani mai gashin baki sai da ya riƙe benci. Wani ya ce duk maharbi yana da irin wannan tabo, amma shi bai taɓa ganin wanda ya cire tabarau ya naɗe don ya karɓe shi da kyau ba.

Dariyar ba ita ta fi ƙona ni ba. Kawu bai yi dariya ba. Ya durƙusa da babbar rigarsa cikin ƙura, ya danna mini hankicinsa a gira, ya ce a hankali da Hausa, "Bar shi, ɗana. Rago za mu saya. Zan ce wa uwarka dokar ƙasar ce ta hana baƙo."

Mutumin da ya yi shekara talatin yana zolayata, yau shi ke shirin yi mini ƙarya don ya rufa mini asiri. Ɗinki huɗu aka yi mini a asibiti, amma wannan maganar ta fi allurar shiga.

Ranar Talata na koma shagon da filasta a gira da ido kamar gauta. A wannan karon ban haddace kome ba. Na ajiye akwatin bindigar a kan tebur.

"Sau uku ke nan," in ji dattijuwar. Iyakar abin da ta faɗa a kai ke nan, Allah ya saka mata.

Ta karɓa da ragi, na yarda ban yi ciniki ba. Ta shiga ciki ta fito da wata tsohuwar 243 mai katako duk ƙarzuwa, irin wadda jadawalina ba zai ko kalla ba. Ta sa na ɗaga ta, ta auna tsawon hannuna, ta ce gindin gajere ne, ya dace da ni. Ta ɗaura mata madubi mara tsada, ta matsar da shi gaba har sai da na ga fili sarai ido na nesa da gilashi. Ta ce abin da ya rage a aljihuna in sayi harsashi in ƙona, domin bindiga mai araha ita ce wadda mutum ke iya sayen harsashinta har ya koya. Muka je bayan shago na harba. Bindigar ta ɗan tura kafaɗata kamar mai cewa matsa in zauna. Na tsaya ina jiran sauran dukan, bai zo ba.

Sai dai tsoro ya riga ya shiga jiki. Duk lokacin da zan ja kunama, idona na rufewa da kansa, kafaɗa ta noƙe. Lusiyan, wanda na ɗauka ya gama da ni, shi ya yi maganin abin. Ya riƙa ɗura mini bindigar da kansa ina juya baya, wani lokaci da harsashi, wani lokaci da na bogi, bai gaya mini. In na bogi ne, sai a ji ƙas, ga ni na zabura ni kaɗai kamar an watsa mini ruwa, dattawa na kallo. Asabar shida muka yi a haka. Na daina kawo littafi. A ta bakwai na zuba uku wuri guda, tafin hannu ya rufe su. Lusiyan ya cire takardar ya duba ta baya, ya zaro munduwar daga aljihun rigarsa ya miƙo mini.

Tambaya ɗaya ta rage, na kai wa limamin masallacinmu na Guillotière, wani malami mutumin Maraɗi. Na ce barewa na da kunne, shin bismillah a hankali ta wadatar, ko sai an ɗaga murya?

Ya dube ni ta saman tabarau. "Allah kake gaya wa ko barewar?"

Ya ƙara da cewa in na iske ta da sauran rai in yanka, in kuwa harsashin ya gama aiki, shi ke nan.

Farkon watan Agusta, bayan na yi asuba a gefen motar Lusiyan, muka zauna bakin wata gonar da aka yanke ciyawa. Fita biyu kafin nan ba mu ga kome ba sai wata mace da ɗanta. A wannan safiyar, gari na fara haske, namiji ya fito daga cikin itatuwa, ja kamar tukunyar ƙasa, yana cizgar toho, irin tohon da na yi shekara uku ina aunawa. Mita saba'in ko kusa. Na jira har ya ba ni gefe, na tabbata tudu ne a bayansa. Na sa tabarauna daidai, na bar yatsu huɗu, na motsa leɓe. Ya yi tsalle ɗaya ya faɗi a wurin.

Lusiyan ya riƙe ƙafar, na ɗaura munduwa. Ya karyo ɗan reshe ya sa wa barewar a baki, wai al'adarsu ce, guzurinta na ƙarshe, ya cire hula ya sunkuyar da kai. Ni ma na yi tawa addu'ar, na haɗa da kakana. Muka feɗe, naman ya kwanta a firjin Lusiyan har Satumba.

Na shiga TGV da akwatin ƙanƙara a kan cinya, na ƙi sa shi wurin kaya. Abin da babu wanda ya lissafa (har ni) shi ne barewar nan ƙarama ce, baƙin biki kuwa sun cika zauren da aka kama a arewacin Paris. Matar Kawu ta yi dambu da naman, duka duka ya cika kwano ɗaya. Kawu ya hana kowa taɓawa. Shi ya rungumi kwanon da kansa, da ƙaramin cokali, yana bin tebur tebur yana ɗiga wa dattawa a tafin hannu kamar mai rabon turare. Kafin ya fara sai da ya ɗanɗana, ya daɗe yana taunawa.

"Ba ɗanɗanon na Baba ba ne," in ji shi. "Wannan ganyen Turai ta ci. Amma naman daji ne, kuma hannun gidanmu ne." Ya ɗauko waya ya kira Damagaram, ya ɗaga kwanon saitin kamara.

Amarya ta aiko a kira ni. Na je na durƙusa gefenta, ta miƙo hannu mai lalle na zuba mata cokali guda. Ta ci, ta gyaɗa kai, ta raɗa mini, "Ya yi daɗi, taubashi. Da wane gefen bindigar ka same ta?"

Daga baya na ji Kawu a wani tebur yana nuna girata daga nesa, yana gaya wa abokansa na Barbès cewa ƙahon barewar ne, wai ta taso mini bayan harbi muka yi kokawa. Ni mutum ne da ke rubuta wa marubuci wasiƙa in na ga kuskuren lambar shafi a littafinsa. Na tsaya na saurara har ƙarshe, na gyara zaman tabarau, na wuce wurin lemo.

Har yanzu ina son jadawali, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai na koyi cewa in za ka lissafa bindiga, ka sa kanka cikin lissafin, da nauyinka da halayenka na banza. Gefe biyu gare ta, kuma kullum kai ne a wanda ya fi kusa.